Mai Tallan Kayan Sawa Ta Zo Ɗaukar Hoto Da Ɗan Rakiya: In Hana Ko In Bari?

Tambaya: "Ni sabon mai ɗaukar hoto ne, ban fi shekara biyu da buɗe situdiyo ba, kuma yawancin aikina hotunan tallan kayan sawa ne. 'Yan rakiya sun ishe ni. Wata ta zo da mahaifiyarta, wata da saurayinta, wata da ƙawaye har uku. Su yi ta sa baki a aiki, su yi ta ɗaukar hoto da waya, su hana yarinya sakewa. Makon jiya saurayin wata ya tashi da ita ana tsakiyar aiki, aka bar ni da kayan mutane a rataye. Ina tunanin kafa doka cewa ba a zuwa min da kowa. Ko hakan ya dace?"

Ɗan'uwa, kada ka kafa wannan dokar. Na san zafin da ke ranka, don an taɓa barina da fitilu a kunne da mai kwalliyar da na riga na biya, ba wadda za a ɗauka. Amma kafin ka yanke hukunci, ka tsaya a inda yarinyar take tsaye. Za ta je wurin mutumin da ba ta sani ba sai ta saƙon waya. Za ta shiga ɗakin da aka toshe tagoginsa da gangan saboda kada hasken waje ya ɓata aiki, a rufo ƙofa. A cikin ɗakin nan za ta canza kaya sau huɗu ko biyar, mutumin yana ce mata juya nan, ɗaga haɓa, sauke kafaɗa. Kai ka san zuciyarka, ita ba ta da hanyar sani. Kuma abin da masu tallan kayan ƙawa ke fara gaya wa sababbin shiga cikinsu shi ne, mai hoton da ya dage sai kin zo ke kaɗai, ki kiyaye shi. Ba su faɗi haka a banza ba. Duk mai mugun nufi, abin da yake fara nema shi ne a bar shi da mutum ba ido na uku. Ranar da ka rubuta "ba a zuwa da kowa", ka furta maganar da irin waɗannan mutane ke furtawa, ko da kai ba ka cikinsu. Masu hankali da natsuwa, waɗanda aiki da su ya fi daɗi, su ne za su fara janye jiki ba tare da sun gaya maka dalili ba.

Akwai kuma amfanin da ɗan rakiya ke yi maka kai kanka. Sunanka shi ne jarinka a wannan sana'a, ya fi kyamararka tsada. Idan wata rana aka sami rashin fahimta, aka ce ka faɗi kaza ko ka yi kaza a ɗakin da ku biyu ne kawai a ciki, da me za ka wanke kanka? Mutumin da ke zaune a kujera yana kallo, wanda kuma daga ɓangarenta ya fito, shi ne shaidar da ba za a ce ka saya ba.

Manyan masu wannan harka ma tuni suka karkata can. A watan Satumban 2017, kamfanonin Faransa biyu, LVMH da Kering, waɗanda Dior da Louis Vuitton da Gucci ke ƙarƙashinsu, suka fitar da ƙa'idojin aiki da masu talla. A ciki suka wajabta ɗan rakiya ko mai kula ga duk wadda ke tsakanin shekara 16 da 18, suka hana sa irin waɗannan aiki daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe. A Janairun 2018, bayan zarge-zargen cin zarafi da suka taso a kan wasu fitattun masu hoto, kamfanin Condé Nast mai buga mujallar Vogue ya fitar da nasa: ba giya a wurin aiki, kuma ya ba da shawarar kada a bar mai talla ita kaɗai da mai hoto ko mai kwalliya ko mai shirya kaya. Jihar New York ta Amurka ta wuce nan. Dokarta ta ma'aikatan harkar kayan ƙawa, wadda ta fara aiki a watan Yunin 2025, ta ɗora wa mai ba da aiki cewa dole ya ƙyale mai talla ta zo da wakilinta ko manajanta ko ɗan rakiyarta. Dokar New York ba ta hau kanka ba in ba a can kake aiki ba, amma ka ga inda aka dosa. Wanda ya kafa dokar hana rakiya yau, ruwa yake ƙoƙarin maida wa tudu.

Duk da haka, kukanka gaskiya ne, ba zan ce maka ba haka ba. Ɗan rakiya yana ɓata hoto, kuma na san yadda yake ɓata shi. Tsayawa gaban kyamara wani irin wasan kwaikwayo ne. Yarinya za ta aro fuskar da ba tata ta kullum ba, ta yi kallon isa, ta yi dariyar da ba abin dariya. A gaban baƙo wannan yana da sauƙi. A gaban wadda ta haife ta, ko ƙawar da suka taso tare, kunya ce ke kama ta. Ka lura wata rana: filasha na walƙawa, idonta zai zame gefe na ɗan ƙiftawa, yana neman fuskar uwar, yana tambayar "na yi daidai?". Kafaɗa ta ɗage sama, leɓe ya ƙame, murmushi ya tsaya a baki bai kai ido ba. In kana ɗaukar fuska da gilashin kyamara mai milimita 85, wanda ba ya ɓoye komai, sai ka zauna da dare kana duba hoto ɗari uku ka rasa goma masu rai.

To amma da na daɗe ina lura, sai na gane mafi yawan ɓarnar 'yan rakiya daga abu ɗaya take fitowa: ba wanda ya gaya musu mene ne aikinsu. Mutum ya baro harkokinsa, ya zo ya zauna awa uku ko huɗu a wurin da bai san kansa ba, ba a gaishe shi da kyau ba, ba a nuna masa wurin zama ba, mai hoto yana ta yi masa kallon wanda ya zo cin arziki. Dole ya nema wa kansa abin yi, kuma abin yin da ya fi kusa da shi shi ne sa baki. Saboda haka gyaran yana farawa tun kafin ranar, a cikin saƙon da kuke yi da ita. Kai za ka fara tada maganar, kada ka jira ta tambaya. Ka ce mata tana iya zuwa da mutum ɗaya, babba, ta aiko da sunansa tun da wuri. Mutum ɗaya nake cewa, kuma a nan ba na sassautawa. Ɗaya rakiya ce, uku kuwa zaman hira ne, kuma tsaron da uku za su ba ta ɗaya ma ya ba ta. Nakan ƙara mata da shawara, in ce ta zaɓi wanda ba ta jin nauyin yin rawa a gabansa. Yawanci 'yar'uwa ko ƙawa ta fi saurayi, ta fi uba, a wannan aiki. Shawara ce kawai, zaɓin nata ne.

In sun iso, minti biyar na farko na ɗan rakiya ne. Ka ajiye kyamara, ka gaishe shi da sunansa, ka zaga da shi: ga ɗakin da za ta canza kaya, ga sakatar ƙofarsa ta ciki, ga banɗaki, ga ƙofar fita, ga mai kwalliya, ga mataimakina. Sannan ka kai shi gaban kayan da aka rataye ka nuna masa ɗaya bayan ɗaya abin da za ta sa. Wata uwa ta taɓa zuwar min da 'yarta mai shekara 19. Ta shigo fuska a ɗaure, jaka rungume a ƙirji, gaisuwata ma da ƙyar ta amsa. Na kai ta gaban rigunan nan guda biyar, ta ɗaga kowace ta duba wuyanta, ta duba tsawonta, ta ɗaga ta uku ga haske don ta ga ko tana nuna jiki. Da ta gama ta buɗe ɗakin canza kaya, ta ja sakatar sau biyu. Daga nan ta sauke jakar a kujera, ta ce, "To, ku yi aikinku." Ba ta sake cewa uffan ba har muka tashi. Abin da ya kawo ta ke nan, ta gani da idonta, ta gani kuma.

Sai maganar kujera, wadda mutane ke rainawa alhali rabin aikin a kanta yake. Kada ka bar ɗan rakiya ya zauna ko ya tsaya a bayanka. Nan ne kowa ke son tsayawa don nan ake ganin komai, kuma nan ne wuri mafi muni: duk lokacin da ta kalli kyamara sai ta ga fuskarsa a saman kafaɗarka, kai kuma duk lokacin da ka ja baya don ɗaukar tsawon jiki sai ka taka shi. Ka ajiye kujerar can gefe, a bayan babbar fitilar da ke haska ta. Wanda fitila ke dukan fuskarsa ba ya ganin abin da ke bayan fitilar sosai, musamman in sauran ɗakin da ɗan duhu. Shi yana ganinta sarai daga kai har ƙafa, ita kuwa sai ta juya da gangan kafin ta gan shi. Bayan minti goma za ta manta da shi. In situdiyon ƙarami ne, ɗaki na gaba ma ya isa, muddin ƙofar a buɗe take, yana jin abin da ake faɗa, yana iya leƙowa ba tare da ya nemi izini ba. Na kan bari sai tana kujerar kwalliya in tambaye ta a hankali, a ciki kike son ta zauna ko a waje? Da yawa za su ce a waje. In daga bakinta ta fito, ba wanda zai ji haushi.

Allon kwamfutar da hotuna ke fitowa a kai yayin ɗauka, shi ma ka juyar da shi daga kujerar. Ɗanyen hoto ba na kowa da kowa ba ne. A cikin kowane goma akwai wanda ido ya rufe rabi, akwai wanda baki ya karkace. Kai ka san za a watsar da su. Ƙawa ba ta sani ba, za ta tuntsire da dariya ko ta ce "kai, wannan ya sa ki ƙiba", shi ke nan an kashe maka awa guda kana lallashi.

Ka manna tef a ƙasa, ka gaya masa daga nan ba a wucewa. Dalilin a bayyane yake in ka nuna masa: wayoyin wuta a shimfiɗe, sandunan fitila da buhun yashi ne kawai ke riƙe da su, wasu fitilun suna da zafin da zai ƙona hannu, ga takardar bangon hoto, wadda ake shimfiɗowa har ƙasa a tsaya a kai, da sawun takalmi ɗaya ke sa a yanke mita guda a zubar. Fitila mai nauyi in ta faɗo daga tsawon mutum, a kan wadda ke tsaye ƙarƙashinta za ta sauka. In kana da inshora, ka bincika ko ta haɗa da baƙin da ba ma'aikata ba, don wanda ya ji ciwo a wurinka kai za a nema.

Waya kuwa, ka faɗa tun a saƙo, ka maimaita da baki: ba a ɗaukar hoto ko bidiyo ana aiki. Mutane sun fi karɓa in ka ba su dalili. Kayan da ke jikinta na mai kaya ne, wataƙila bai fitar da su kasuwa ba tukuna, in suka bayyana a Instagram mako biyu kafin ranarsa kai zai riƙe. Hoton da aka ɗauka daga gefe da waya kuma ba ya yi mata kyau, don an shirya hasken ne domin inda kyamararka take. Ni abin da nake yi, nakan ce in mun gama, in mai kaya ya yarda, akwai minti biyar naku, ku ɗauki abin da kuke so a gaban bangon, ni da kaina zan ɗauke ku tare. Wanda ya san rabonsa na tafe ba ya sata.

In duk da haka ya fara ba da umarni, "yi murmushi mana", "gyara tsayuwarki", kada ka mayar masa a gabanta. In ka kunyata mutumin da ta zo da shi, ita ka kunyata, kuma da shi za ta koma gida ba da kai ba. Ka ce a sha ruwa minti biyar, ka je inda yake, ka rage murya, ka ce masa: "Yallaɓai, in murya biyu na yi mata magana ba ta san wa za ta bi ba, idonta sai ya rabu. In ka ga wani abin da bai kwanta maka ba, ɗaga min hannu, zan tsaya nan take." Ka ga ba ka rufe masa baki ba, ka ba shi hanyar magana da ba ta ɓata aiki. Wasu masu hoto kan ba ɗan rakiya ɗan aiki, ya riƙe faifan mayar da haske ko jaka ko ruwan sha. A waje, inda hannu ke ƙaranci kuma rana na gudu, dabara ce mai kyau, kuma mai surutu yakan yi shiru in hannunsa ya sami abin riƙewa. Sai dai kada ka ba shi sandar fitila. Akwai kuma aikin da ya fi dacewa da shi: in kwalar riga ta karye ko gashi ya sauko kuma mai kwalliya ba ta kusa, 'yar rakiya ta gyara. Kai hannunka ba ya taɓa ta, da rakiya ko babu.

Yanzu ga saurayin da ya tashi da ita. Ban ga abin da ya faru ba, amma sau da yawa irin wannan yakan faru ne saboda a wurin ya fara ganin abin da za a yi. Ita ta ce masa "hoton kaya ne", shi ya ƙiyasta wani abu a ransa, ya zo ya tarar da wani. Shi ya sa nake son komai ya kasance a rubuce kafin ranar: irin kayan, hotunan misali na irin tsayuwar da ake so, inda za a yi amfani da hotunan, awa nawa, nawa za a biya, da abin da zai biyo baya in wani ɓangare ya fasa. In za su yi rigima a kai, su yi ta a gida kafin ka kunna fitila. In kuma ana tsakiyar aiki ta ce za ta tafi, to ta tafi. Kada ka tare ƙofa, kada ka yi musu da shi, kada ka ce mata "ke fa kin sa hannu". Maganar asara da kuɗi a yi ta gobe, a rubuce, da ita ko da kamfanin da ke wakiltarta. Ba wani hoto da ya kai a yi dambe a tsakanin fitilu da wayoyin wuta.

Akwai wani irin ɗan rakiya da ya fi mai kishi damuna, kuma shi ne dalilin da ya sa nake cewa zuwan rakiya bai sauke maka nauyi ba. Wani lokaci wanda ya rako ta shi ne abin tsoron. Za ka gane shi. Ka yi mata tambaya, shi ya amsa. Wayarta na aljihunsa. Ya ce kuɗin a tura ta asusunsa. Kafin ta ce e ko a'a sai ta dube shi. Na taɓa yin aiki da wata, mutumin da ya kawo ta ya kira kansa manajanta. Mun gama kaya uku lafiya, sai ya ja ni gefe ya ce ai tana iya yin wasu da ba a cikin yarjejeniya ba, masu ɗan buɗe jiki, za su taimaka mata ta sami aiki. Na dube ta. Tana tsaye a kan takardar bango, hannu biyu a harɗe a ciki, tana kallon yatsun ƙafarta. Na ce masa abin da aka rubuta shi za a yi. Sannan na ce mai kwalliya ta shiga da ita ɗakin canza kaya ta gyara mata fuska, na raɗa wa mai kwalliyar ta tambaye ta ko lafiya, ko tana son a tsaya. Ta fito ta ce min yarinyar ta ce a ƙarasa riga ta huɗu kawai a sallame ta. Haka aka yi. Kuɗinta na tura ta asusun da ke ɗauke da sunanta, ya ji haushi, bai sake kawo min kowa ba.

Abin da nake so ka riƙe daga wannan shi ne, in babba ce, yardarta a bakinta take. Uwa ba ta yarda a madadinta, saurayi ba ya yarda a madadinta, manaja ma haka. Suna iya cewa a tsaya, kuma in sun ce a tsaya ka tsaya ka ji. Amma ba mai ikon cewa a ƙara sai ita, kuma ko ita ce ta ce a ƙara ana tsakiyar aiki, ni nakan ce a bari sai wani zama, a rubuta shi tukuna. Takardar izinin amfani da hoto ita za ta karanta, ita za ta sa hannu, bayan ka ga katin shaidarta ka tabbatar da shekarunta. Ka sama mata ko da minti biyu ne da za ta yi magana ba kunnen ɗan rakiya a kusa, ta hannun wata mace daga cikin ma'aikatanka. A ɗaya ɓangaren kuma, kada ka ce ai kana da mai kwalliya mace ko mataimakiya, don haka ba ta bukatar kowa. Kai kake biyansu. A idonta mutanenka ne.

In ba ta kai shekara 18 ba, ko yaro ne, babu ma zancen zaɓi. Ba uwa ko uba ko mai kula na halal, ba aiki. Ka nemi sanin dokar inda kake, don ƙasashe sun bambanta. A Ingila, yaron da bai wuce shekarun karatun dole ba, in za a biya shi kuɗin talla sai an karɓi lasisi daga ƙaramar hukumarsu, kuma in ba iyayensa ko malaminsa ne ke tare da shi ba, sai mai rakiyar da hukuma ta amince da shi, wanda ba a yarda ya kula da yara fiye da 12 a lokaci guda ba. A New York tun 2013 aka sa masu tallan da ba su kai 18 ba cikin dokar yara masu wasa: sai da takardar izini, sai an ware kashi 15 cikin ɗari na kuɗinsu a asusun amana, kuma wanda bai kai 16 ba sai da babban da ke da alhakin kula da shi a wurin. Ko inda kake ba a rubuta irin wannan ba, ka ɗora wa kanka. A nan duk abin da na faɗa na ɓoye kujera a bayan fitila ko a ɗaki na gaba ya canza: mai kula yana cikin ɗakin, yaron na ganinsa, daga farko har ƙarshe, kuma ba a ba shi faifai ko jaka ya riƙe, don idonsa na kan yaron ne. In uwa ta ce bari ta ajiye ta ta je ta dawo, ka ce a'a, ku jira ta tare a waje ko a ɗage. Saƙonni duk ta wayar iyaye, ko da yarinyar na da tata. Takarda iyaye ke sa wa hannu.

Iyaye ma sai ka sa ido. Akwai waɗanda burinsu ya fi na yaron girma. Yaro ya gaji, ido ya yi ja, uwa na cewa "tsaya mana, saura kaɗan", ko tana yi masa tsawa don ya ƙi dariya. Kai ne mai wurin, kai za ka ce an tafi hutu. Ka ɗora wa fitila laifi in ka ga dama, ka ce tana bukatar ta huce. Yaron da aka tilasta ba ya ba da hoto, kuma ko da zai bayar, bai kamata a karɓa ba.

Tsaron kanka da kayanka kuwa gajeriyar magana ce. Mutum biyu da ba ka sani ba za su shigo inda kayan aikinka suke, idonka kuma na cikin kyamara. Sunan da ka nema tun da wuri yana rage wannan. Gilasan da ba ka amfani da su da katunan ajiyar hoto su kasance a kulle, kai ma kuma kada ka kasance kai kaɗai, ka sami mataimaki.

Akwai inda nake tsayar da aiki gaba ɗaya: ɗan rakiya ya zo a buge, ko ya zagi ma'aikacina, ko na yi masa magana sau biyu a kan waya ya ci gaba, ko ya matsa wa yarinyar har ta fara hawaye. Nakan kashe fitila, in ce yau ba za ta yiwu ba, in raka su ƙofa su biyun. Ba na korarsa in riƙe ta, don in na yi haka na bar ta ita kaɗai da ni, halin da ta zo da rakiya don ta guje masa. A shekarun da na yi ina wannan aiki, ban yi haka ya kai sau biyar ba, kuma tun da na fara tura saƙo kafin ranar abin ya ƙara raguwa. Ga yadda nake rubuta shi, ka gyara ya dace da kai: "Kina iya zuwa da mutum ɗaya babba da kika yarda da shi, ki turo min sunansa kafin ranar. Zai sami wurin zama inda zai riƙa ganinki. Ba a ɗaukar hoto da waya ana aiki, umarni kuma daga gare ni kaɗai zai fito, amma ke ko shi duk wanda ya ce a tsaya za a tsaya. Ga hotunan kayan da za ki sa, ki nuna masa tun yanzu."

Ita kuma ta makon jiya, ka bari kwana biyu su wuce, ka rubuta mata ita, ba shi ba. Kada ka ambaci saurayin da mugun baki. Ka ce riguna biyu ko uku sun rage, ga hotunansu, in tana son ƙarasawa ga ranakun da kake da sarari, ta zo da wanda ta ga dama cikin sharuɗɗan nan. In ta yi shiru, ka biya ta na awannin da ta yi, ka nemi wata ta sa sauran kayan.